Takarda Tana Sama: Jinkirin Neman Zama Ɗan Ƙasa da Haƙƙin Kai Kuka a Iyakar Gobir

Burkusuma gari ne a ƙaramar hukumar Sabon Birni, a gabashin jihar Sakkwato, dab da iyakar Nijeriya da Nijar. Mutanensa, kamar na Gatawa da na Isa, suna da dangi a Bangi da Madawa da Gidan Rumji da Tsibiri. Ana ɗaura aure a tsallaken iyaka, a kawo amarya da yamma, ta haihu, ta aurar da 'ya'yanta, ta ga jikoki, ba wanda ya taɓa tambayarta takardar ƙasa. Tambayar takan taso ne ranar da aka je buɗe asusun banki, ko yin katin zaɓe, ko neman fasfo don kujerar Hajji, ko ranar da jami'i ya tsayar da mota a shingen bincike ya ji karin harshen wata fasinja ya yi masa kama da na Maraɗi. A ranar ne mutumin da ya yi shekara talatin a gari yake jin cewa a idon hukuma baƙo ne, kuma akwai wata takarda da ya kamata ya nema.

Neman takardar yana da wuya. Jiran amsarta ya fi wuya, domin ba shi da wa'adi. Ra'ayin wannan maƙala shi ne jiran da ba a yanka masa rana ba hani ne da ba a furta ba, kuma wanda aka bari a cikinsa yana da haƙƙin ya san inda takardarsa ta tsaya, ya kuma sami wurin kai kuka. A yau dokokin Nijeriya sun ba shi wannan haƙƙi da hannun dama, sun kusa karɓe shi da na hagu.

Masu nazarin Hausa sun san cewa iyakar nan ta tarar da Gobir ne a wurin. Kufan Alkalawa, birnin da ya faɗi a 1808, yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya rabu da 'yan'uwansa ya kafa Sabon Birni. Gida ɗaya ne ya zama biyu. Sai Ingila da Faransa suka zo suka yi ta jan layi suna gogewa: na 1890 daga Sayi zuwa Barwa, na 1898 da ya zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, sai gyare-gyaren 1904 da 1906, kafin Tilho da O'Shee su bi ƙasa su kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni ta faɗa hannun Ingila. Bayan haka ma ƙafa ba ta daina tafiya ba, har aikin tilas na Faransa, wanda ba a soke shi ba sai 1946, ya ƙara koro mutane zuwa kudu. William Miles ya nuna a littafinsa na 1994 kan Yardaji da Yekuwa, can wajen Daura da Magarya, yadda ƙauyuka biyu masu harshe ɗaya suka zama 'yan ƙasashe biyu. Labarin Gobir ya fi wannan tsanani, tunda a nan gidan sarauta ne kansa aka raba.

A nan harshe ma yana da nasa laifin. Kalmar “ƙasa” tana nufin turɓaya, tana nufin ƙasar Gobir, tana kuma nufin Tarayyar Nijeriya. “Ɗan ƙasa” a bakin dattijon Burkusuma shi ne wanda aka binne cibiyarsa a nan, kishiyar baƙo, kamar yadda karin magana ya ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A bakin lauya kuwa, ɗan ƙasa shi ne wanda Babi na Uku na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya amince da shi. Bagobirin Tsibiri da ya zauna a Sabon Birni ɗan ƙasa ne a ma'ana ta farko, baƙo ne a ta biyu. Ɗan kasuwar Lebanon da ya karɓi takardarsa a Abuja ɗan ƙasa ne a ma'ana ta biyu, alhali ba ƙaramar hukumar da za ta kira shi ɗan asali. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin fassara wannan babi zuwa Hausa ya ci karo da wannan tarko, kuma talakan da ba a fayyace masa bambancin ba ba zai ma san abin da ake nema a wurinsa ba.

Abin da babin ya tanada a taƙaice shi ne wannan. Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a Nijeriya bayan 'yancin kai, kuma ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan Nijeriya ne, to ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Haka wanda aka haifa a waje matuƙar ɗaya daga iyayensa ɗan Nijeriya ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa da yawa daga waɗanda ake yi wa kallon baƙi a bakin iyaka ba su da abin nema: matar da aka haifa a Bangi amma mahaifiyarta 'yar Isa ce, 'yar Nijeriya ce tun ranar sunanta. Jariran da aka haifa a Cadakori da Garin Kaka da sauran wuraren da aka tsugunar da mutanen Sabon Birni da Isa da suka gudu daga 'yan bindiga tun 2019, su ma 'yan Nijeriya ne. Matsalar irin waɗannan ita ce hujja, a yankin da haihuwa a ɗaki take ba a asibiti ba, ba a kuma cika yi mata rajista ba.

Sauran su ne masu nema na haƙiƙa. Sashe na 26 ya buɗe hanyar rajista ga matar da ta auri ɗan Nijeriya, da kuma baligin da aka haifa a waje wanda ɗaya daga kakanninsa ɗan Nijeriya ne. Namijin da ya auri 'yar Nijeriya ba ya cikin wannan sashe. An kai ƙudurin gyara wannan gaban Majalisar Tarayya a watan Maris na 2022 ya faɗi, kuma ba ya cikin gyare-gyaren da aka sa wa hannu a 2023. Don haka shi sai ya bi sashe na 27, hanyar daɗewar zama: shekara 15 a ƙasa, kyawun hali, amfani ga al'umma, rantsuwar biyayya, sannan gwamnan jihar ya gamsu cewa mutanen gari sun yarda da shi kuma ya saje da rayuwarsu. Akwai ban dariya a tunanin Bagobiri mai zane a kumatu yana neman shaidar cewa ya saje da Gobirawa, amma haka doka take. Sauƙin da ke akwai shi ne sashe na 28 bai tilasta wa wanda ya sami wata ƙasa ta haihuwa ya bar ta ba, ita ma Nijar ta halatta riƙe ƙasa biyu tun gyaran dokarta na 2014.

Abin lura a sassan nan biyu shi ne kowane sharaɗi a wuyan mai nema yake. An ƙidaya masa shekaru, an ƙidaya masa watanni. Ba a ƙidaya wa hukuma ko kwana ɗaya ba. Takarda takan shiga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, ta bi ta hannun Hukumar Shige da Fice da jami'an tsaro na farin kaya, ta jira ra'ayin gwamna idan ta sashe na 27 ce, ta je gaban kwamitin ba da shawara, ta isa Majalisar Zartarwa ta Tarayya, sannan Shugaban Ƙasa ya amince. Kowane mataki yana da dalilinsa. Amma tsarin mulki bai ce wa ko ɗaya daga cikinsu ga ranar da za ka gama ba.

Alƙaluman da gwamnati ta bayar da bakinta sun nuna abin da wannan ke haifarwa. An bai wa mutum 335 takardar zama 'yan ƙasa a 2017. Ba a sake irin wannan biki ba sai watan Satumba na 2022, inda aka bai wa mutum 286, sannan 385 a watan Mayu na 2023, kwanaki kaɗan kafin gwamnatin Muhammadu Buhari ta sauka. Kusan shekara biyar ke nan tsakanin na farko da na biyu, wata takwas tsakanin na biyu da na uku. Ashe aikin yana iya sauri in an so. Wanda ya shigar da takardarsa a farkon 2018 da wanda ya shigar a ƙarshen 2022 doka ɗaya suka bi, sa'a ce kawai ta bambanta su. A ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, wadda iyakarta da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, waɗannan ɗaruruwa suna kuma nuna cewa hanyar ba ta mutanen ƙauye ba ce. Ana cike takardun ne ta intanet, kuma a watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ana neman takardar aure daga matar da aka ɗaura aurenta a zaure da waliyyai da shaidu da sadaki da goro. Ana neman shaidar biyan haraji daga manomin gero. Duk wanda ya tsallake waɗannan daga Burkusuma ya sayar da akuya, wataƙila da saniya, ya kuma bi hanyar da a watan Disamba na 2021 aka ƙona matafiya a cikin motarsu a kusa da Gidan Bawa. Irin wannan mutum ne ake ce wa ya je ya dawo, takarda tana sama.

“Takarda tana sama” magana ce da ta cancanci nazari. Ba ta faɗi wane sama ba, ba ta ambaci sunan kowa ba, ba ta ɗauki alkawari ba, ba ta kuma yi ƙarya ba. Ƙawayenta su ne “ana nan ana dubawa” da “sai dai a ƙara haƙuri”. Dukkansu an gina su a kan lamirin da ba ya nuna mai aiki, “ana” da “a”, wanda ke ba jami'i damar yin magana ba tare da ya ɗora wa wani nauyi ba. Mai sauraro kuwa an rene shi a kan cewa haƙuri na cikin siffofin mutumin kirki, kamar yadda Kirk-Greene ya lissafa a 1974. Sai kunya ta haɗu da tsoro: baƙo ne, alfarma yake nema, in ya ɗaga murya wa ya san abin da za a rubuta a fayil ɗinsa? Haka ake mayar da kyakkyawar ɗabi'a ta zama makamin da ake yanka mai ita.

Amma al'adar da ta yabi haƙuri ita ce ta ware kalmomi da dama don rashin yarda da zalunci. Akwai ƙorafi, wanda ake yi ko a bayan ido. Akwai koke da kai kuka, waɗanda ake yi a gaban mai iko don ya share hawaye. Akwai ƙara, wadda ake kaiwa gaban alƙali. Talaka yana da tsani daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi zuwa sarki, kuma malaman ƙasar Hausa sun karanta babin mazalim a littafin Mawardi, wato zaman da ake yi don sauraren waɗanda ma'aikatan hukuma suka zalunta. Shawarar da Magili ya rubuta wa Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15 ta tsananta a kan kada sarki ya ɓoye kansa daga talakawansa. Kai kuka ba rashin kunya ba ne a wannan tarbiyya, kuma ba a taɓa sharɗanta cewa sai ɗan gari ne zai kai ba. Fatake da almajirai da baƙin da ke zango duk sun kai.

Gwamnatin zamani ta gaji wannan aiki ta hanyar Hukumar Sauraren Koke-koken Jama'a, wadda gwamnatin Murtala Muhammad ta kafa da doka ta 31 ta 1975, aka ɗora Alhaji Yusuf Maitama Sule a kanta a matsayin shugabanta na farko. Dokarta tana da alheri guda babba: ta ce kowane mutum zai iya kai kuka, ba ta ce sai ɗan ƙasa ba, kuma ba a biyan kuɗi. Matar Burkusuma tana da ikon shiga ofishin hukumar a Sakkwato kamar kowa. Sai dai sashe na 6 na dokar ya jera abubuwan da hukumar ba za ta bincika ba, kuma uku daga ciki kamar don wannan mata aka rubuta su. An hana ta taɓa al'amarin da ke gaban Shugaban Ƙasa, alhali takardar zama ɗan ƙasa a hannunsa take ƙarewa, don haka ba wuya a ce mata maganarta ta fi ƙarfin ofishin, ko da kuwa fayil ɗin yana kwance a teburin wani akawu. An hana ta karɓar kukan wanda bai gama bin hanyoyin da hukuma ta tanada ba, alhali kukan wannan mata shi ne hanyar ta ƙi ƙarewa. An kuma hana ta sauraren abin da ya wuce wata 12 da aukuwa. To, yaushe shiru ya auku? Ranar da aka karɓi takarda, ko ranar da aka ce a dawo, ko yau da safe? Kwamishina mai adalci zai iya fassara waɗannan sharuɗɗa da sassauci, ya ce jinkiri laifi ne mai ci gaba, kuma abin da bai bar ma'aikata ba bai isa gaban Shugaba ba. Fassarar da ta dace ke nan. Amma haƙƙin da ya rataya a kan halin wanda aka tarar a kujera bai gama zama haƙƙi ba.

Saura kotu. Lauya zai iya roƙon Babbar Kotun Tarayya ta tilasta wa ma'aikata ta yanke hukunci a kan takardar, ko da ba za ta tilasta mata amincewa ba. Kotunan Nijeriya sun taɓa nuna ƙarfin hali a wannan fage: a 1980 aka kwashi Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Barno, aka jefa shi Cadi da sunan ba ɗan ƙasa ba ne, kotu a Maiduguri ta ce ɗan ƙasa ne, ta rushe korar. Shi kuwa yana da jam'iyya da lauyoyi da jaridu a bayansa. Wanda ya sayar da akuya don kuɗin mota ba ya da ko ɗaya.

Hujjar da ake kawowa a ɗaya ɓangaren ba ta wasa ba ce. Zama ɗan ƙasa ta rajista ko ta daɗewa ba dole ba ne a kan gwamnati, tsarin mulki ya bar wa Shugaban Ƙasa zaɓi. Gabashin Sakkwato kuma yanki ne da makamai da 'yan bindiga ke ratsa iyaka, inda a watan Agusta na 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Ba mai hankalin da zai ce a raba takardu ba bincike. Sai dai wannan hujja tana kare bincike ne, ba ta kare rashin wa'adi. Ɗan bindiga ba ya cike fom, ba ya kawo hotonsa da masu tsaya masa, ba ya ba da zanen yatsunsa. Wanda ya yi waɗannan ya kawo kansa ne a san shi, kuma ƙasar da ke kukan ba ta san masu ratsa iyakarta ba ita ce ya kamata ta fi kowa saurin rubuta sunansa. In bincike ya nuna aibi, a ce masa a'a, a faɗi dalili gwargwadon abin da tsaro ya yarda, ya san matsayinsa.

Nijeriya ma ta san maganin, ta kuma yi amfani da shi a wasu wurare. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ma'aikata kwana 7 ta amsa, ta ce in ba ta amsa ba a ɗauka ta ƙi, mai nema ya wuce kotu. Umarnin da Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a watan Mayu na 2017 yana muƙaddashin Shugaban Ƙasa, wanda daga baya ya shiga dokar sauƙaƙa kasuwanci a 2023, ya ce in hukuma ta wuce wa'adinta ba ta amsa wa mai neman lasisi ba, a ɗauka ta amince. Ba wanda zai nemi a ce shiru ya zama amincewa a batun zama ɗan ƙasa. Amma in an iya yanka wa'adi don ɗan kasuwa, an iya yanka shi don matar aure. A Amurka, wanda aka yi wa tambayoyi aka wuce kwana 120 ba hukunci yana da ikon zuwa kotu. A Jamus, wata uku na shiru ba dalili sun isa a kai ƙarar hukuma. Ba sai an gyara tsarin mulki ba: sashe na 32 ya ba Shugaban Ƙasa ikon yin ƙa'idojin aiwatar da wannan babi. A cikinsu za a iya cewa kowane mai nema a ba shi rasit mai lamba da kwanan wata, kowane mataki a sa masa iyaka, in an wuce a rubuta masa dalili, kuma wucewar ta zama ranar da ƙofar Hukumar Koke-koke ke buɗe masa.

Lamarin ya ƙara gaggawa tun ranar 29 ga Janairun 2025, da ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata. Yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ce inuwar da mutanen iyaka suka daɗe suna fakewa a ciki ba tare da sun san sunanta ba. Ƙungiyar ta ce za a ci gaba da mutunta takardun 'yan Nijar da zirga-zirgarsu har zuwa wani lokaci, wanda shi ma wani jiran ne marar rana. Mutanen da suka ga an rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023, sun san yadda sanarwa ɗaya daga Abuja ko Yamai ke raba mace da gidan ubanta. Ga kuma alkawarin da Nijeriya ta ɗauka a 2011, lokacin da ta shiga yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1954 da 1961 kan mutanen da ba su da ƙasa. Wanda Nijar ba ta rubuta haihuwarsa ba, Nijeriya kuma ta bar takardarsa a sama, bai yi nisa da wannan hali ba.

Akwai rabon da ya faɗo kan sassan Hausa na jami'o'i, musamman na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke kusa da wurin. Babi na Uku gajere ne, sassa takwas ne kawai, daga na 25 zuwa na 32. Fassara shi da Hausar da za a karanta a rediyo a gane a kasuwar Sabon Birni, tare da tsayar da kalma ɗaya ga ɗan ƙasa na doka da wata ga ɗan asali, aiki ne da ɗaliban digiri na biyu za su iya gamawa a zango ɗaya. Haka samfurin takardar koke mai shafi guda, wadda malamin makarantar allo ko na firamare zai iya cike wa mai buƙata, da boko ko da ajami: ga sunana, ga ranar da na miƙa takarda, ga lambar rasit, ga sau nawa na dawo, ina neman a gaya mini ofishin da take da ranar da za ta bar shi.